Fitilar Zayyanu da Buzun Ubansa

A Tungar Maidawa, nan gefen Illo, inda in mutum ya yi tuntuɓe mai kyau sai ya faɗi a ƙasar Benin, an yi wani mai cajin waya ana ce masa Zayyanu. Shagonsa bai fi akurkin kaji girma ba, amma bakinsa ya ishi kasuwar Kamba ranar da ta cika. Ba mugu ba ne, wannan kam kowa ya shaida. Ciwonsa ɗaya ne, duk abin da ya gani sau ɗaya ya iya shi ke nan, har ya fara neman wanda zai koya wa.

Wani direba mai ɗauko tsofaffin motoci daga Kwatano ne ya jawo wa garin fitinar. Ya tsinci wata tsohuwar kwamfuta ta ɗorawa a cinya a ƙarƙashin kujerar mota, ya bar wa Zayyanu ita kyauta. Babu komai a cikinta sai wani wasa da ya girmi rabin samarin garin. A wasan kai ne jarumi mai takobi, kana yawo a ƙasar aljannu da dodanni, da fitila rataye a ƙugunka. Faɗan kaɗan ne, zaɓi ya fi yawa. Ka kama ɓarawon hatsi, ya ce uwarsa ce ba ta da lafiya. To, za ka sake shi ne, ko ka miƙa shi ga dogarai, ko ku raba hatsin? In ka zaɓi alheri fitilarka ta ƙara haske, in ka zaɓi tsiya ta yi hayaƙi.

Fitilar Zayyanu kuwa har ido take kashewa. Duk wanda ya kawo waya caji sai an nuna masa ita, ko yana so ko ba ya so. Abin da Zayyanu ba ya nunawa shi ne wani ɗan maɓalli da ke can gefe. Kafin kowane zaɓi sai ya adana wasan a inda yake, ya gwada amsar farko. In fitila ta yi hayaƙi ya danna maɓallin, komai ya koma baya, mutanen cikin wasan su manta da abin da ya faɗa, ya gwada ta biyu. Matarsa Safina kaɗai ta san da wannan, don a ɗakinta ake yi.

Mahaifin Zayyanu, marigayi Malam Ma'azu, shi ne mai sulhu na garin. Yana da wani buzu na farin rago da ake shimfiɗa masa a gindin tsamiyar ƙofar Maigari Albashir, a kansa ya kashe rigingimun gona da na gado iya rayuwarsa. Da ya rasu Maigari ya naɗe buzun ya rataye a zaure, ya ce in an gama girbin bana zai shimfiɗa wa wanda ya dace. Buzun nan ya tsaya wa Zayyanu a rai. Kakansa ya zauna a kai, ubansa ya zauna, kuma ya san in ya fita daga gidansu ya fita ke nan.

"Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe," ya ce wa Safina wata safiya. "Ni da na sasanta sarakunan aljannu, mi rigimar akuya za ta yi min?"

Safina tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. "Aljannun nan mantuwa gare su, Malam. Mutanen garin ga kuwa, har abin da kakanka yac ci ran suna suna tune da shi."

"Ke ba ki san dabarun sulhu ba."

"Na dai san maɓalli."

Sai dai mai sulhu yana bukatar rigima, garin kuma an yi rashin sa'a, lafiya lau ake zaune. A wasan, in kana neman aiki, duk wanda ka gani sai ka tare shi ka yi ta tambaya har maganarsa ta ƙare. Haka Zayyanu ya rufe shago ya bi gari. Ya tare liman ya tambaye shi ko akwai wanda ya tsana a cikin mamu. Ya tambayi mai shayi ko ya taɓa zargin ƙanensa da shan madara. Ya iske Mairama mai fura tana korar wata akuya daga shanyar gero, ya tsaya a gabanta ya ɗaga yatsu uku.

"Inna Mairama, zaɓi ukku gare ki. Ki yahe ma mai akuya, ki kai shi ƙara, ko ki yanke ta a ɓoye."

"Akuyata ta," in ji Mairama. "Babu na huɗu?"

"Babu."

"Akwai. Ka kauce, ka taka min gero."

Ranar kasuwa Allah ya kawo masa abin da yake nema. Yero Bafillace ya dawo da shanunsa daga ɗaya gefen iyaka kamar yadda yake yi duk kaka, ya kuwa yi kiciɓis da Na'Allah Ba'are a rumfar masu goro.

"Kaɗo, na biyo ta gonarka," in ji Yero yana dogare da sanda. "Shanuna sun duba sun yi kuka. Sun ce in tambaye ka, dawa kash shuka ko tsintsiya?"

"Au, shanu gare ka?" in ji Na'Allah. "Ni na ga wasu ƙasussa na tahiya, na zaci mahauta sunka yi ɓarin kaya. Waɗanga kashinsu ma iska na, wane taki za su ba ni?"

Tsakanin Fulani da Arawa akwai wasa tun kaka da kakanni, waɗannan biyu kuwa sun mai da shi ciniki. Duk shekara bayan girbi shanun Yero suna kwana a gonar Na'Allah, su ci kara su bar taki. Na'Allah ya ba da dammunan dawa, gidan Yero su ba da nono. Ba a taɓa zama an faɗi nawa ne ba. Zagi ake yi a tsakiyar kasuwa, wanda ya riga yin dariya shi ke ƙarawa a nasa kason. Mutane har kujeru suke ɗaukowa daga gida. A wannan rana babu wanda ya dara, aka ɗage wasan zuwa kasuwa mai zuwa.

Zayyanu ya san duk wannan tun yana yawo ba wando, amma yanzu da idon jarumi mai fitila yake kallon duniya. A wasan, duk inda mutum biyu suke zolayar juna akwai tsohuwar gaba binne a ƙasa, in ka tono ta fitila ta ƙara haske. Ya koma gida yana ta murza hannu, ya gaya wa Safina ya gano rigima tsakanin Yero da Na'Allah.

"Wasa na, Malam," in ji Safina. "Baba ma can kasuwa shike zama shi yi ta dariya har rawaninshi shi kwance."

"Shi ya sa har yau ba ta mutu ba. Allah shi ji ƙan Baba, amma wagga rigima ta hi ƙarhinshi."

"Kada ka shiga sharo ba shanu."

Zayyanu ya riga ya sa takalmi.

Ya fara da Na'Allah, ya iske shi a gona yana ɗaurin dawa. Ya matso kusa, ya sassauta murya, ya ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, mi kake gani game da Yero da shanunshi?" Na'Allah dama yana ta haɗa zagin da zai fito da shi kasuwa mai zuwa, ya samu wanda zai gwada a kansa. Ya ce shanun tari suke yi kamar tsofaffi, takinsu ko yakuwa ba ya fitarwa, nonon da ake kawo masa kuma rabi ruwan rafi ne, har ɗan kifi ya taɓa gani a ciki. Yana faɗa yana ƙyaƙyata dariya. Zayyanu bai dara ba, sai gyaɗa kai yake yi kamar likita ya gano ciwo.

Daga nan ya miƙe sai rugar Yero. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa nono a ƙwarya. Ya sha ya goge baki, ya ɓata fuska.

"Baffa, daga wurin Kawu Na'Allah nike. Mu biyu, ba kowa, yac ce min shanunka ba su da lahiya, takinsu ba shi da amfani. Ni dai a ganina kai ad da gaskiya."

To, a nan gizo ke saƙa. Zagin da aka yi maka a gaban idonka a tsakiyar kasuwa wasa ne. Shi ɗin dai, in wani ya ɗauko shi ya kawo maka har gida da murya ƙasa-ƙasa, ya zama wani abu dabam. Kowane yaro a garin ya san haka.

Yero ya ajiye igiyar da yake tufka. "Bayan idona yah hwaɗi haka?"

"Bayan idonka."

Fuskar tsohon ta canza. Zayyanu ya duba ya ga hayaƙi ƙarara, ya san amsar farko ba ta yi ba.

"A'a, dakata Baffa. Mu koma baya. Ɗauka ban zo ba."

Ya miƙe ya sa takalminsa, ya fita bayan shinge, ya juyo. "Salamu alaikum."

Sallama dai dole a amsa ta, Yero ya amsa yana kallonsa da baki buɗe. Zayyanu ya cire takalmi ya sake zama a kan tabarmar.

"Baffa, in za a bi gaskiya kai ma kana da laihi. Kawu yac ce nonon da kuke ba shi rabi ruwan rahi na, har kihi ya gani ciki."

Yero ya kai hannu ga sandarsa. Zayyanu ya ce a koma baya, ya fita da takalmi a hannu. Sallama ta uku daga can nesa ya yi ta, kuma bai zauna ba.

"Baffa, ni ban ji komi ba. Gaishe ka niz zo yi."

"Jam, lahiya lau," in ji Yero a hankali. "Ka gaishe ni. In ka koma ka ce ma Kaɗo, dawar da shike ba ni ko jakina bai cin ta. Don kunya nike karɓa."

Zayyanu ya ji daɗi ƙwarai, ga gabar da yake nema ta fito fili. Ya ɗauki maganar da zafinta ya kai wa Na'Allah har gida, har ya ƙara mata ɗan gishiri don ta yi armashi. A can ma ya fita ya shigo, ya fita ya shigo, har karen gidan ya gaji ya daina haushi. Na'Allah bai riƙe komai a cikin zantukan ba sai guda. Ya zauna a kan turmi yana ta maimaitawa, "Don kunya. Shekara da shekaru, ashe don kunya."

Kasuwa ta zagayo, aka ɗauko kujeru aka kewaye rumfar masu goro. Yero ya iso daga gabas, Na'Allah daga yamma.

"Malam Yero, an zo lahiya?"

"Lahiya lau, Malam Na'Allah. Yaya iyali?"

"Alhamdu lillahi."

Kowa ya kama gabansa. Kasuwa ta yi tsit. Mairama ta dafe ƙirji ta ce wa ta kusa da ita, "Malam yac ce mai. Kin ji da kunnenki? Inna lillahi." Kafin la'asar Na'Allah ya kewaye gonarsa da ƙaya. Matan ruga suka daina shigo da nono, furar Mairama ta koma gaya da ruwa. Aka kuma ji cewa Yero zai je Illo ya sayo kanwa, daga nan ya kwashe shanunsa ya koma Benin, ba dawowa. Duk mai gona kusa da ta Na'Allah ya shiga tunani, don in shanun sun gama da can nasu suke shiga.

Zayyanu kuwa ya sa babbar rigarsa ta Sallah ya nufi ƙofar Maigari.

"Ranka shi daɗe, ka ji kasuwa yau? Ko zagi guda. Abin da yag gagari Baba tun kahin a haihe ni, na kashe shi tsakanin kasuwa da kasuwa."

Maigari Albashir tsoho ne mai magana kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi. "Na ji, ɗan Ma'azu. Tun da nike ban taɓa jin gaisuwar da tab ba ni tsoro irin ta yau ba."

"To, zancen buzu, ranka shi daɗe."

"Buzu na nan. Ran da shanun Yero sunka kwana gonar Na'Allah, mu yi maganar buzu."

Wani da ya ji wannan ya san gargaɗi ne. Zayyanu aiki ya ji an ba shi. A wasan, in aka ce ka kai dabbobi wuri kaza, ba a neman yardar mai su. Ka kama babban cikinsu ka ja, sauran su biyo ka a layi.

Ranar kasuwa ta gaba da hantsi, ya ga Yero ya hau bayan babur ya nufi Illo. Ya je ya janye ƙayar da ke bakin gonar Na'Allah, ƙayar ta karɓi rabonta a hannun rigar Sallah. Ya zagaya ruga ta baya, matan duk sun tafi rafi. Ya kwance babban bijimin garken, wani fari mai ƙaho kamar reshen gawo, ya buɗe wa sauran. Don kada igiya ta suɓuce masa, sai ya ɗaure ta tamau a wuyan hannunsa. Wannan dabara tasa ce ta kansa, ba a wasan ya gani ba.

"Mu tahi," ya ce wa bijimin.

Bijimin nan da Fillanci aka rene shi, bai san Hausa ba. Ya tsaya yana tuƙa. Zayyanu ya ja, ya roƙa, ya ba shi zaɓi uku. Da abin ya ƙi, sai ya zaro lemar da ya zo da ita saboda rana, ya buɗe ta fat a gaban hancinsa.

Wasan bai yi ƙarya ba, sauran shanun sun bi babbansu. Abin da bai faɗa ba shi ne wa zai ja wani. Bijimin ya wuce gonar Na'Allah ko kallonta bai yi ba, ya ratsa fadama, Zayyanu na biye da shi wani lokaci da ƙafa, wani lokaci da ciki. Takalmi ya tsaya a taɓo, hula ta tsaya a kan wata geza. Daga fadama iska ta kawo wa shanun ƙanshin harawar da ake sayarwa a kasuwa, suka miƙe can gaba ɗaya.

Masu tumatir ne suka fara ganinsu, ba su tsaya yi wa kowa bayani ba. Shanu suka bi harawa, suka bi kabewa, suka kifar da ƙoren Mairama. Amalanken Na'Allah na tsaye da dammunan dawar da ya kawo sayarwa, tun da bana ba mai karɓa don kunya, suka kewaye shi suka ci kamar an gayyace su. Mai shayi ya haye kan teburinsa da buta a hannu. Wani ɗan Benin mai sayar da atamfa ya naɗe kayansa ya doshi gida a guje, an ce bai waiwayo ba sai da ya ga tutar ƙasarsu. A tsakiyar wannan duka ga Zayyanu ana jansa daga rumfa zuwa rumfa, baƙi ƙirin da taɓo, yana ta faɗin, "A koma baya, jama'a, a koma baya."

"Gaya ma bijimin," in ji mai shayi daga kan tebur.

Ana haka babur ya sauke Yero da buhun kanwarsa. Ya tsaya ya yi kira ɗaya, shanun suka tsaya cak. Zayyanu ma ya tsaya, a kwance, cikin abin da ya rage na furar Mairama.

Bayan azahar gari duka ya hallara a gindin tsamiya. Yero ya zauna yana fuskantar gabas, Na'Allah yana fuskantar yamma, sun ba juna baya. Maigari ya tambayi Yero abin da Zayyanu ya gaya masa.

"Wanne daga ciki, ranka shi daɗe? Sau ukku yaz zo cikin zama guda."

Na'Allah ya faɗi nasa. Kowa ya gane inda aka haihu a ragaya, su biyun ma sun gane. Amma maganganun dai an faɗe su, kowanne ya ji na ɗan'uwansa, kuma babu wanda zai fara juyowa. Maigari ya yi nasiha, liman ya yi, ƙeya biyu kawai suke kallo.

Zayyanu ya ga dama ta samu, ya miƙe taɓo na zuba daga rigarsa. "Ranka shi daɗe, ni ba da ka niy yi aikin ga ba, da ilimi niy yi. A ɗauko kwamfutata a ga shaida."

Aka aika, Safina ta kawo ta a kan faifai ta durƙusa ta ajiye gaban Maigari. Zayyanu ya kunna. Ga jarumi tsaye, fitilarsa ta haske allon gaba ɗaya, har wasu suka ce ma sha Allah. Maigari ya sa tabarau ya matso.

"Hasken kam akwai shi. To, mi shike yi tsaye bakin gada? Kuma wane na wanga tsoho da ag gehenshi?"

"Hutawa sukai, ranka shi daɗe."

Maigari ya juya ga Safina. "Ɗiyata, ke hwaɗa min."

Safina ba ta so ta tona mijinta a gaban jama'a ba, har ga Allah. Amma Maigari ne ya tambaya, ta sunkuyar da kai ta faɗa. Wannan ita ce gadar ƙarshe, in an ƙetare ta wasa ya ƙare. Tsohon shi ne ya yi wa jarumin jagora tun daga farkon tafiya, yanzu ƙafarsa ta gaza. Gadar ba ta ɗaukar kaya biyu. Ko ka goya tsohon ka jefa fitila a ruwa, ka shiga birni ba wanda ya san alherin da ka yi, ko ka riƙe fitilarka ka bar tsohon a nan.

"Tun yaushe shike tsaye?"

"Tun daminar bara, ranka shi daɗe."

"Mi ya hana shi zaɓa?"

Sai ta faɗi zancen maɓallin, da yadda ake gwada kowace amsa a koma baya. Ta ce a wannan gada kaɗai ne wasan ba ya yarda a koma.

Maigari ya cire tabarau. "Mu dai mun taso mun ji magana zarar bunu ta. Ashe akwai ƙasar da ake mai da shi cikin jinka."

Na'Allah yana ta motsi a inda yake zaune, wata magana ta taso masa tana cin ransa. Ya danne, ya danne, ta fi ƙarfinsa. Ya ce da tsamiya, ba da kowa ba, "Da saniya ta maimakon hitilar ga, na san wanda da tuni ya tura tsohon ruwa."

Yero bai juyo ba. "Da damin dawa na, Kaɗo da ya tura tsohon, shi koma gida shi ɗauko nasu tsohon shi ƙara."

Kafaɗar Na'Allah ta fara rawa, ta Yero ma haka. Dariyar ta ƙwace musu lokaci ɗaya, gindin tsamiya ya ɗauka. Nan take suka juyo suka fuskanci juna, kowanne yana rantsuwa ɗayan ne ya riga, kowanne yana kiran shaidu. Mairama ta share hawaye ta ce alhamdu lillahi, an dawo zagi.

Yero ya matso gaban kwamfutar yana goge ido. "Ina aka taɓawa a goya tsohon?"

"Kada wanda ya taɓa wanga," in ji Zayyanu da sauri, ya nuna wani maɓalli da yatsa.

Yero ya taɓa shi.

Jarumin ya kwance fitilar ya sake ta, ta faɗa ruwa, allon ya dushe. Ya durƙusa ya goya tsohon, suka ƙetare a hankali, ƙofar birni ta buɗe, wani ɗan kiɗa mai sanyi ya tashi. Zayyanu ya faɗa kan kwamfutar yana danna maɓallinsa na gefe, ya danna, ya sake dannawa. Rubutun ƙarshen wasa kawai ke ta hawa sama.

Amma Zayyanu ba a kayar da shi da wuri. Ya miƙe ya gyara abin da ya rage na rigarsa. "To, kun gani? Sun shirya. Dabarata ke nan tun hwarko. Ranka shi daɗe, yau shanu za su kwana gonar Kawu, saura alkawari."

"Gaskiya na," in ji Maigari. "Na ce in sun kwana mu yi maganar buzu. A ɗauko shi."

Aka sauko da buzun daga zaure, aka kakkaɓe, aka shimfiɗa shi a inda Malam Ma'azu ke zama. Har yanzu akwai wurin da gashin ya kwanta saboda zamansa. Zayyanu ya yi taku ɗaya gaba.

"Yero, Na'Allah, ku zauna," in ji Maigari. "Mutanen da sunka tsuhwa suna zagin juna ba su taɓa kawo min ƙara ba, su sun san sulhu. Ku matsa ma juna, ya ishe ku." Sannan ya dubi Zayyanu, muryarsa ba faɗa a ciki. "Kai kuma ɗan Ma'azu, takin bana kai za ka kwasa da kwando ka kai gonar duk wanda shanu sunka ci kayanshi. Ubanka ya zauna bisa buzun ga har ya mutu, ban taɓa jin ya ce a koma baya ba. Shi sai ya tauna shike hurtawa."

Tsofaffin biyu suka zauna a matse, kafaɗa na gugar kafaɗa. Zayyanu ya rufe kwamfutar ya miƙa wa Safina. Ya ratsa jama'a ba takalmi, ya zagaya bayan katangar zaure inda ba mai ganinsa, ya tsaya can na ɗan lokaci. Mutane suka zaci gida ya tafi.

Can sai ga shi ya dawo ta inda ya fita. Ya tsaya a bakin taron, ya yi sallama a hankali, ko za a dace komai ya koma baya.

Aka amsa masa gaba ɗaya, ba wanda ya yi dariya. Ya ɗaga kai ya dubi gindin tsamiya. Buzun na nan inda ya bar shi, Yero a gefe, Na'Allah a gefe, suna gardamar wanda ya fi cin wuri.